Kujerar da ke Juya wa Tebur Baya

Ku yaran yanzu, kuna kallon bidiyo biyu a waya sai ku ɗauka kun gama da sana'ar tanjid, wato ɗinkin kujeru da katifu. Kwanaki wani ɗan ƙanwata, ƙato da gemunsa, ya shigo warshata, wato shagon aikina, a Kudai, nan Makka, ya tsaya hannu a aljihu yana kallona ina ja wa benci yadi. Ya ce, "Kawu, ai wannan soso ne da bindigar fil, halas, shi ke nan." Na miƙa masa bindigar na ce bismilla. Bai rufe ko kusurwa ɗaya ba yadin ya tattare, saura ƙiris ya haɗa babban yatsansa da katako, ya ajiye ya ce wai ana nemansa a gida. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa nake wannan bayani.

Katifar farko da aka bar ni na ɗinka ni kaɗai ta wani mai sayar da wake ce a Utaibiyya, unguwar da aka haife ni. Kafin a kai ga nan na yi shekaru a shagon Mu'allim Abdu, wani tsoho ɗan Yaman da mahaifina ya damƙa ni a hannunsa. Aikina in zauna da bakan shiɓa ina kaɗa tsohuwar auduga har ta tashi ta yi laushi, in fito da yamma fari fat ina tari, yaran unguwa suna yi mini dariya. Basilla kuwa ko taɓa ta ba a bari in yi. Ranar da na gama katifar nan, Mu'allim ya kwanta a kai, ya mirgina hagu, ya mirgina dama, ya tashi ya ɗauki almakashi ya farke ta daga kai har ƙafa. Wai audugar ta taru a gefe ɗaya, mutum zai tashi da ciwon baya yana zaginmu. Na sake ta, ina ɗinki ina share hawaye. Yau in na ce wa yaro ya sake kusurwa ɗaya, gobe uwarsa ce za ta bugo mini waya.

Da auduga ta ja baya soso ya shigo, sai na koma kujerun motocin alhazai. Duk bayan aikin hajji a jero mini su: wannan an farke ta da ƙarfen jaka, waccan jarkar zamzam ta tsiyaye a kai har soson ya ruɓe, wata kuma dabino ya narke a cikin ɗinkinta, tururuwa ta yi gida. A nan na koyi abin da bidiyo ba zai gaya muku ba. Soso kala biyu ake haɗawa, mai tauri a ƙasa, mai laushi a sama, in ba haka ba mutum ya nutse har ya ji katako. Gam mai araha ba ya jure zafin Makka, rana ɗaya a filin ajiye motoci ya sake. Ita kuma ledar nan mai ƙyalli da masu motoci suke so, ka sa ta a kujerar da alhaji zai zauna da harami da tsakar rana, ka ɗauki alhakinsa.

Sai shekarar korona ta zo. Motoci suka yi layi a Kudai, rana tana cin tayoyinsu, babu alhaji balle a farke kujera. Wata da watanni keken ɗinkina yana lulluɓe da tsohon zani. Da aka ɗan sassauta, abin da ya riƙe ni kujerun falon maƙwabta ne, mutanen da suka gaji da zaman gida har suka fara ganin laifin abin da suke zaune a kai. Ban taɓa ganin shekara irinta ba, kuma ba na fatan in sake gani. Amma ita ce ta kawo mini karafan, domin mutane da suka kasa fita waje hutu sai suka koma sayen motocin nan masu ɗaki a ciki, da gado da ɗan kicin da banɗaki, su kwashi iyali su nufi Ɗa'if ko bakin teku.

Tun daga lokacin tambaya ɗaya ce take neman sa mini hawan jini: benci ko kujeru? Benci shi ne irin na gidajen cin abinci, biyu suna fuskantar juna, tebur a tsakiya, duk a kafe da ƙasa. Ɗayan kuma tebur ne da kujeru irin na gida. Miji da mata za su zo su tsaya mini a ka, su yi ta ja-in-ja, shayina ya huce, su tafi ba su yanke ba. Ni dai ra'ayina a fili yake, benci. Ƙarƙashinsa ma'aji ne, barguna da tukunya duk su shige. Ka sauke teburin ka jera matasai, ya zama gadon yara. Ana sa masa bel. Laifinsa, mai tumbi ba ya shiga cikin daɗi, kuma wanda ke ciki ba ya fita sai na bakin ya tashi. Kujeru sun fi daɗin zama, ana ture su a shimfiɗa sallaya. Amma kujera tana tafiya. Wani mutum ya taɓa hawa hanyar Hada, wadda ke bin dutse zuwa Ɗa'if, da kujeru a sake, a kwana ta farko ɗaya ta taso ta fasa ƙofar firij, ta wuce kan ɗansa da kamar taƙi ɗaya. Tun ranar da na ga firij ɗin nan na yi wa kaina doka: kujera ba ta fita daga warshata sai da noti a ƙafarta. Abin haushin, yawancinsu bayan duk wannan gardama suna isa inda za su sai su shimfiɗa sufra, ledar nan ta cin abinci, a ƙasa su ci abincinsu, teburin ya zama wurin cajin waya.

Aikin da ya fi kowanne shan kaina shi ne na Faisal. Ma'aikacin ofis ne, haifaffen Aziziyya, Hausarsa rabi Larabci. Ya kawo wata tsohuwar karafan da cikinta ya gama lalacewa, matarsa Huda tana biye da shi. Ba don yawo ya saye ta ba, don mahaifinsa ne, Baba Isiyaku, wanda ya zo daga ƙasar Kano tun yana saurayi, yanzu tsufa ya kama shi ga ciwon suga. Tsohon ba shi da magana sai Madina. Yana so ya je ziyara tare da jikokinsa tun yana iya tsayuwa da ƙafarsa. Bas ko jirgin ƙasa ba zai iya ba, saboda yana bukatar kwanciya da yawan zagayawa. Likita ya yarda da tafiyar bisa sharaɗi ɗaya: in an yi masa allurarsa, lallai ya ci abinci a kan lokaci.

Faisal, wanda yake kirana ammi, wato baffa, ya ce, "Ya ammi, benci nake so. A gida Abuya, babana, kullum a ɗakinsa yake ci shi kaɗai. Wannan tafiya ina so mu zauna sufra ɗaya, ni da shi da yara da uwarsu."

Huda ta ce daga bayansa, murya ƙasa-ƙasa, "Kujeru sun fi."

"Lesh? Don me?" in ji shi.

"Sun fi dai."

Wanda bai kawo dalili ba ai ba ya cin gardama a warshata. Na bi bayan Faisal. Na yi musu benci wanda har yau in na tuna shi raina yana sosuwa. Na rage tsayinsa saboda gwiwar tsoho, na zagaye bakin teburin kada ya buge shi, na zaɓi yadi mai shan iska, na sa masa abin riƙewa a bango. Suka ɗauka suka yi gwaji zuwa Ɗa'if.

Washegari sai ga Faisal ido ja wur. Tsoho bai ci komai ba tun safe. An yi masa allura, an zaunar da shi a benci, an zuba abinci, ya ce ya ƙoshi. A hanyar saukowa jikinsa ya hau rawa, gumi ya karyo masa, sai da suka tsaya a asibiti.

"Soson ya yi tauri, ya ammi. Kuma teburin yana danne shi."

Na hau na zauna, na yi tsalle a kai kamar ƙaramin yaro. Na ce, "Wannan ne mai tauri? Shi Baban ne ya ce haka?"

"La, shi bai ce komai ba. Ni na lura."

Ya lura! Na ɗauko sukundireba. Ku da kuke cewa aikin nan sauƙi ne, ku gwada kwance abin da kuka ƙera da hannunku, lafiyarsa ƙalau, don wani ya lura. Na cire bencin na jingine shi a bango, na toshe ramukan noti, na sake shimfiɗa ledar ƙasa, na kawo tebur da kujeru masu hannu. Ina durƙushe da injin huda ƙarfe sai Huda ta matso.

"Baba Mu'allim," haka take kirana, "don Allah kada ka ɗaure su."

Na ce, "'Yata, wannan kam ba za a yi ba." Na ba ta labarin firij daga farko har ƙarshe. Ta saurara, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ta dubi mijinta, ta ce, "Ɗayyib." Na ɗaure kujerun tamau, kowacce tana kallon tebur yadda ya kamata.

Gwaji na biyu bakin teku suka je. Bai kai na farko muni ba, don Faisal ya tsorata ya ɗura masa lemo, amma abinci dai ko loma. Ya dawo warsha ya jefa mini makulli a kan teburin yanka.

"Ka gyara ta yadda za ta sayu, ya ammi. Duktur ya ce in haka ne babu tafiya. Madina halas, an fasa."

"Shi Baban ya sani?"

"Ya sani. Tun jiya bai yi wa kowa magana ba."

A nan haƙurina ya ƙare. Na ce masa ni ba a taɓa dawo mini da aiki sau biyu ba a gaya mini laifinsa ba. Na ce kafin a sayar da komai, a kawo mini mutumin da ake ta yi wa kujera ban taɓa ganinsa ba, in ga zamansa da idona.

Suka kawo shi da hantsi. Ɗan tsamurmurin tsoho, farar jallabiya, hular Kano, sanda a hannu. Muka gaisa, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su. Muka tallafa masa ya hau motar. Ya zauna a kujera, ya jingina, ya ce madalla. Muka sauko da shi na zaunar da shi a bencin da ke jingine a bango, ya shafa yadin, ya ce wannan ma madalla, Allah ya yi wa hannu albarka. Na ji kamar in cire hulata in buga da ƙasa. Na ce wa Faisal ya ɗauki matarsa su je shagon gaba su duba yadi, ni ina da awon da zan yi.

Suna fita na ce, "Baba, don girman Allah, ina ne yake yi maka ciwo? Baya ne ko gwiwa?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ɗan wane gari ne?"

"A Utaibiyya aka haife ni, amma mahaifina mutumin Kano ne."

"Yana raye ka yi aure?"

"Yana raye."

"To ka taɓa ganin ya buɗe baki ya sa loma a gaban matarka?"

Na ajiye tef ɗin awona. Ban taɓa gani ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, in yana cin abinci matata ta yi sallama, faifai yake ja ya rufe kwanon har sai ta fita. Na girma ina ganin haka, ban taɓa kawo shi kusa da aikin kujera ba.

Baba Isiyaku ya ce, "Yarinyar nan ba ta da laifi ko kaɗan. Tun da aka kawo ta girkinta nake ci, ban taɓa kushe shi ba. Amma a zaunar da ni gwiwa da gwiwa da surukata, haƙora babu, hannu na rawa, miya na zuba a gemu, tana kallo? Haba. Ran nan a bakin ruwa baiwar Allah ta ce za ta fita ta sha iska, shi wancan ya ce mata a wannan zafin ranar ina za ki, zauna mu ci tare. Na ce a kai mini can wajen gado, ya ce ai don mu haɗu aka yi teburin."

"To Baba, me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa wa wa? Yaron nan a nan aka haife shi, cewa zai yi ba na son matarsa. Ita kuma ta ji, ta ɗauka ƙyamarta nake yi. Gara a bar Madinar."

Ya faɗi haka yana kallon ƙasa, ya share ido da gefen hannun riga, ya ce ƙurar soso ce.

Da suka dawo na ja Huda gefe kamar zan nuna mata zare. Na ce, "'Yata, kin san abin da ke hana shi ci?"

Ta sunkuyar da kai. "Na sani tun shekarar da aka kawo ni. Ummina ta gaya mini. Shi ya sa na ce kada a ɗaure kujerun, in lokacin ci ya yi ya ja tasa ya juya, kamar yana kallon hanya."

"Me ya hana ki faɗa mini ranar?"

"Baba Mu'allim, ni in yi maganar cin abincin surukina a gaban maza? Na taɓa gaya wa maigidan sau ɗaya, ya yi dariya ya ce wannan zancen mutanen da ne, Abuya ya wuce nan."

Kun ji fa. Mutum uku, gida ɗaya, kowa yana son kowa, an kasa samun mai furta magana ɗaya. An sa ni na ƙera benci na kwance, na huda ƙasan mota har ta koma kamar rariya, tsoho ya kusa sheƙawa lahira a kan dutsen Hada, duk a kan abin da bai fi a faɗe shi kafin shayi ya huce ba. Tun da babu mai faɗa, ni da ba surukin kowa ba na kira Faisal bayan motar na faɗa masa, ban sa masa zuma ba. Ya jingina da jikin motar.

"Ya'ani ni ne na hana shi cin abinci?"

Na ce, "Kai dai ka so ka ci da ubanka, ba laifi ba ne. Bar wannan, zo ka kama mini bencin nan mu mayar da rabinsa."

Ga yadda na yi. Na mayar da benci ɗaya a gefen bango, na Huda da yara, da bel ɗinsa da ma'ajinsa. A ɗaya gefen na bar wa Faisal kujerarsa a ɗaure. Ta tsoho kuwa sai da na yi yawo a cikin matattun motocin Kudai har na samo gindin kujera mai juyawa, na wanke shi da fetur, na sa masa giris, na kafe shi da ƙasa da manyan notuna. Yana kullewa a wuri biyu, fuska ga tebur, ko baya ga tebur, kuma na sassauta hannun yadda yatsun tsoho za su iya ja. Na ɗaga bayan kujerar har ya wuce tsayin hula, na ɗan fito da gefensa, yadda na baya ba zai ga komai ba sai yadi. A ƙarƙashin taga na sa ɗan katako mai naɗewa, da baki a zagaye don kada kwano ya zame. Dokata tana nan, kujerar ba ta tafiya ko'ina, juyawa kawai take yi.

Na ce ba za su fita da motar ba sai an gwada a gabana, kuma ba gwajin zama ba. Huda ta zo da kula, tuwon shinkafa da miyar kuka. Aka tada injin don na'urar sanyi ta yi aiki, aka yi wa tsoho allurarsa, kowa ya zauna, ni ina tsaye a bakin ƙofa. Ya ɗan yi hira da jikokinsa yana fuskantar tebur, yana tsokanar ƙaramin wai ya ci masa dabino. Da aka buɗe kula, ya lalubi hannun, ya ja. Kujerar ta juya ta ce ƙwas. Faisal ya miƙa masa kwanonsa ta gefe, ya ɗora a kan katakon.

Babu wanda ya dubi wajen. Yaran ma uwarsu ta harare su suka mai da kai kan abincinsu. Faisal yana riƙe da cokali bai kai baki ba, kunnensa duk yana baya. Muka ji bismilla. Muka ji ƙarar kwano a kan katako, a hankali, ba tsayawa.

Can sai hannu ya fito ta gefen kujerar, riƙe da kwanon, saura ɗan tuwo a gefe, miya babu. Huda tana zaune bai fi kamu biyu da shi ba, amma ɗansa ya yi wa magana, bai juyo ba.

"Kai, ka ce a ƙaro miya."

Faisal ya juya zai faɗa mata. Ludayin yana hannunta tun kafin ya buɗe baki.